Darasi na 18: Kuɗin kallo ya koma abinci

A shekarar 2020 cutar korona ta bazu cikin duniya. Ranar 23 ga watan Maris gwamnatin Ingila ta ce kowa ya zauna gida. Aka rufe makarantu da shaguna da filayen wasa. Mutane da yawa suka rasa aikin yi, tukunya ta daina hawa wuta a wasu gidaje.

To, a Ingila ma akwai matalauta? Akwai su ƙwarai. Don haka ne ake da rumbunan taimako a cikin unguwanni. Sun yi kama da bankin cimaka na ƙauyukanmu, sai dai a can ba a saye, ba a rance. Mai hali ya kawo shinkafa ko madara ko kifin gwangwani, marar hali ya zo ya karɓa kyauta.

Masu goyon bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa suna cikin masu cika waɗannan rumbuna. A birnin Lifaful akwai manyan ƙungiyoyi biyu, Lifaful da Ebaton, kuma magoya bayansu ba su ga maciji da juna in ana wasa. Amma tun 2015 suka haɗa kai kan abu guda. Ranar wasa sai su tsaya a ƙofar fili, ƴan kallo suna miƙa musu abinci kafin su shiga. Da aka rufe filaye, wannan hanya ta toshe, ga shi kuwa mabuƙata sun ƙaru.

A watan Yuni aka koma wasa, amma babu ɗan kallo ko ɗaya a fili. Cikin Oktoba sai aka ce wasu wasanni ba za a gan su a talabijin ba sai an biya fam 14,95 kowane wasa, wajen jika 11 ke nan na kuɗinmu. Mutane suka ji haushi, don da ma suna biyan kuɗin talabijin duk wata.

Magoya bayan Niyukasul suka yi shawara, suka ce kowa ya haƙura da kallo, ya aika da kuɗin ga rumbun garinsu. Ranar 17 ga Oktoba ƙungiyarsu ta kara da Mancesta Yunaitid. Ba su kalla ba, suka tara wajen fam 20.000. An ci Niyukasul 4 da 1 a ranar, ka ga ma sun huta da ɓacin rai! Mako guda bayan haka mutanen Lifaful suka yi koyi da su, suka tara fiye da fam 100.000. Cikin watan Nuwamba masu shirya gasar suka soke wannan biya.

Kalmomi
annoba: épidémie
magoya baya: supporters
gudummuwa: contribution

Tambayoyi
1. Mine ne bambancin rumbun taimako da bankin cimaka?
2. Don mi abinci ya ragu a rumbu bayan an rufe filaye?
3. In mutum 200 suka ba da jika 11 kowanensu, nawa aka tara?
4. Tambayi iyayenka yadda mutanen unguwarku suka taimaki juna a 2020, ka rubuta layi biyar cikin littafinka.