JAGORAN HIDIMA A WURIN AIKI

Da yawa daga cikinmu muna aiki a bankuna, masana'antu, asibitoci da kamfanonin sadarwa. Darasinmu na wannan wata ya shafi yadda ma'aikaci zai zama jagora ga abokan aikinsa wajen sauke hakkin da al'umma take da shi a kan kamfani.

Bashin da ke wuyan kamfani

Kamfani yana shan ruwan gari, yana bin hanyoyinsa, yana kuma samun riba daga aljihun mutanensa. Saboda haka akwai bashi a wuyansa. A shekarar 2000, a zamanin Kofi Annan, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da wata yarjejeniya wadda kamfanoni suke shiga da son ransu, suna alkawarin kiyaye hakkin ɗan Adam, da na ma'aikata, da muhalli. A 2013 ƙasar Indiya ta kafa doka cewa manyan kamfanoni su kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu a kan ayyukan taimakon jama'a. A Nijeriya kuwa, dokar man fetur ta 2021 ta wajabta wa kamfanonin haƙar mai su zuba kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanar da aikinsu cikin asusun raya garuruwan da suke haƙa a cikinsu.

Doka tana iya tara kuɗi, amma ba ta iya nuna inda ciwo yake. Manajan da ke zaune a Legas bai san wace makaranta ce iska ta yaye wa kwano a Zonkwa ba. Ma'aikacin da 'ya'yansa suke karatu a can ya sani, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa kamfanoni suke zaɓen wasu ma'aikata daga sassa dabam dabam su zama jagororin aikin sa kai. Tun daga 2007 kamfanin MTN ya keɓe kwana 21 a shekara domin ma'aikatansa su fita hidimar jama'a. Irin wannan shiri ba ya tafiya sai da wanda zai tara mutane a kowane reshe.

Tsarin ba sabo ba ne

A Ayyukan Manzanni sura 6 mun ga yadda aka riƙa tsallake wasu gwauraye wajen rabon abinci na yau da kullum. Manzanni suka sa jama'a su zaɓi mutum 7 daga cikinsu, waɗanda aka shaide su da halin kirki, aka danƙa musu aikin. Haka kuma a 1925, a ƙasar Beljiyam, Fada Joseph Cardijn ya kafa ƙungiyar matasa ma'aikata bisa fahimtar cewa ma'aikaci ya fi jin maganar ɗan'uwansa ma'aikaci. Ya koya musu matakai uku: a duba, a auna, sa'an nan a aikata.

Aikin jagora

1. Ya duba. Ya je wurin mai unguwa, shugaban makaranta da mata masu ɗebo ruwa, ya ji bukatarsu daga bakinsu.
2. Ya auna. Ya tambayi kansa abin da kamfaninsa ya fi iyawa. Akanta zai fi amfani idan ya koya wa ƙungiyar mata lissafin adashe, injiniya kuma idan ya gyara famfon rijiyar burtsatse.
3. Ya aikata. Ya nemi manyansa su ba da lokaci cikin sa'o'in aiki, ya raba aikin, ya rubuta kowane kwabo da aka kashe, ya kuma koma bayan wata shida ya ga ko abin yana nan.

Abubuwan kiyayewa

Kada a tilasta wa kowa, domin aikin sa kai da aka yi don tsoron manaja ya zama aikin dole. Kada a bar mutum ɗaya da nauyin duka har ya gaji ya yar. Kada hidima ta zama ɗaukar hoto kawai, a wulakanta mabukaci don tallar kamfani. Kada a yi zaɓe tsakanin Kirista da Musulmi, ko tsakanin ƙabila da ƙabila, gama ƙishirwa ba ta tambayar sunan mutum. Mafi girma duka, kyauta ba ta wanke zalunci. Kamfanin da ke riƙe albashin leburori, ko yake zuba dagwalo a rafi, dole jagora na gaskiya ya gaya masa cikin ladabi cewa gyara daga gida yake farawa.

Ranar 5 ga Disamba ita ce ranar masu aikin sa kai ta duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar a 1985. Bari kowane ma'aikaci a ikilisiyarmu ya shirya abu guda da zai kai gaban shugabanninsa kafin ranar ta zo.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace bukata ce mafi tsanani a unguwar da wurin aikinka yake?
2. Wace sana'a ce a hannunka da za ta iya biyan wannan bukata?
3. Su wane ne mutum biyu da za ka fara yi wa magana a makon nan?