Injin Motar Tsere a Jikin Motar Gida: Shawarwari Kafin a Kwance Noti

Kamfanonin inshora a Amurka ba sa ajiye motar da ta yi mummunan haɗari. Gwanjonta suke yi a filayen Copart da IAA, kuma da yawa daga cikin motocin nan suna ƙarewa a tashar Tin Can ta Legas ko ta Kwatano. A cikinsu akwai motocin tsere waɗanda jikinsu ya yamutse amma injin lafiyarsa ƙalau. Misalin da masu wannan sha'awa suka fi sani shi ne Subaru Impreza WRX STI. Ta 2004 tana da inji mai lita 2.5, ana kiransa EJ257, mai ƙarfin doki 300. 'Yar'uwarta Forester XT ta wannan shekarar, motar iyali mai faɗin but, ita ma tana da turbo, amma ƙarfinta doki 210 ne. Mai Forester da ya ga STI a kwance dole ransa ya biya. Aikin yana yiwuwa, sai dai inji shi ne ɓangare mafi sauƙi a cikinsa.

1. Ka sayi motar sukutum, kada ka sayi inji tsirararsa. Wannan ce shawarar da ta fi sauran nauyi. Injin zamani ba ya tashi shi kaɗai. Yana tafe da birenbos ɗinsa, da tarin wayoyin da ke haɗa su, da na'urar auna iska, da famfon fetur, da makullin da birenbos ɗin ya sani. Daga 2005 STI ta Amurka tana da tsaron sata a cikin makulli, idan birenbos bai gane makullin ba, inji zai yi ta juyi ba zai kama ba. Wanda ya ɗauko inji a ƙasa daga Ladipo ko Kofar Ruwa ko Panteka zai shafe watanni yana farautar soket ɗaya, bututu ɗaya, ƙaramin ƙarfen riƙe wani abu da babu wanda ya san sunansa. Wanda kuwa ya ajiye motar gaba ɗaya kusa da tasa, duk abin da ya rasa sai ya miƙa hannu ya kwanto. A takardar gwanjo ana rubuta ko mota tana da makulli ko babu. Ka duba wannan layin kafin ka duba farashi.

2. Ka dubi inda aka buge ta. Motar da aka daka ta baya ko ta gefe ita ake nema. Injin Subaru yana zaune ne a gaban tayoyin gaba, kuma bel ɗin tayimin da ƙafafun da yake juyawa suna can gaba, bayan lagireto kaɗan, murfin roba ne kawai ya rufe su. Bugun gaba mai ƙarfi yana fasa su alhali inji yana gudu, fistin ya haɗu da bawul ya lanƙwasa shi. Daga waje ba za ka ga komai ba.

Motar da ta wuntsila ma abin tsoro ce. Idan inji ya ci gaba da aiki tana kife, baƙin mai ya bar inda ake zuƙarsa, metal ya yi gudu a bushe, ko da na ɗan lokaci ne. Ta ambaliya kuwa, irin waɗanda suka cika kasuwa bayan guguwar Harvey ta 2017 a Houston, kada ka kusance ta don wannan aikin. Wayoyi da birenbos su ne rabin abin da ka zo saya, kuma su ruwa ya fara ci.

3. A gwada injin tun yana kan motarsa. A tashe shi, ya yi zafi, a saurara. Sannan a cire fulogi a auna matsin kowace silinda. Huɗun su zo kusa da juna, idan ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi goma cikin ɗari, akwai magana. Ciwon da aka san EJ257 da shi shi ne tsagewar bakin fistin, wurin da ringi yake zama, kuma wannan awon yana tona shi. A tsiyaye baƙin mai a cikin faranti mai tsabta, a yanka filta a duba cikinta da rana. Ƙyalli kamar garin tagulla alamar metal ne ya fara narkewa. Ka tuna wane ne yake sayen irin wannan mota a can: yawanci matashi ne mai son gudu, kuma da wuya ya bar ta yadda kamfani ya yi ta. In ka ga salansa ba ta asali ba, ko an ƙara agogon awo a gaban direba, ka ɗauka an matsa wa injin nan.

4. Shekara ta dace da shekara. Injin Subaru na wancan zamani yana zama daram a mazaunin ɗan'uwansa, shi ya sa makanike zai ce maka, “Alhaji, ai duk ɗaya ne.” Ta wajen ƙarfe gaskiya ya faɗa, ta wajen waya kuwa ba haka ba ne. STI ta 2004 zuwa 2007 tana sarrafa lokacin bawul na shigar iska kaɗai, daga 2008 har da na fitar hayaƙi, da ƙarin wayoyi da wani birenbos dabam. Idan motarka WRX ce wadda ba STI ba, ta 2002 zuwa 2005, totur ɗinta na igiya ne, na STI na lantarki ne, sai an sauya har abin takawa. Akwai kuma rabin mota da ake yankowa daga Japan, wanda yake biyowa ta Sharja. Injinsa EJ207 ne mai lita 2, inji mai kyau, amma motar sitiyarinta a dama yake, wayoyinta ba za su kai inda ake so a motar da sitiyarinta yake hagu ba.

5. Wataƙila ma ba inji kake buƙata ba. Injin Forester XT na 2004 da 2005 kusan tagwaye ne da na STI. Bambancin ƙarfin ya fito ne daga ƙaramin turbo TD04 da aka sa mata maimakon VF39, da ƙaramin lagireton sanyaya iska, da saitin birenbos. Idan injinka lafiya yake, ka ɗauki waɗannan daga matacciyar STI ɗin, ka toshe ƙofofin injinta, ka ajiye shi a inuwa don wata rana.

6. Duk abin da yake da wuyar kaiwa, a canza shi yanzu da inji yake ƙasa. Bel ɗin tayimin na farko, tare da tayoyinsa da famfon ruwa. Kamfani ya ce a canza shi a mil 105,000, amma bel ɗin da ya ga haɗari ba a tambayar shekarunsa. Sai fulogi, waɗanda a Subaru suke maƙale a gefe da gefe, sai kulochi, sai robobin hana yoyon mai. A buɗe kaskon baƙin mai a duba bututun da ke zuƙo shi, domin an san shi da tsagewa a wajen walda, kuma ranar da ya tsage inji ya buga ke nan. A cikin notin da ke kai wa turbo mai akwai 'yar rariya da ke toshewa, a duba ta ita ma.

Idan tsohon injinka bugawa ya yi, ko turbonsa ya tarwatse, kada a mayar da na'urar sanyaya baƙin mai ta da, kuma a wanke duk bututun iska sosai. Ɓarɓashin ƙarfen da ya kashe na farko yana nan a ciki yana jiran na biyu.

7. Ƙarfi ya ƙaru, to me zai ɗauke shi, me zai tsayar da shi? Giyabos mai giya biyar na WRX da Forester ba ya son a fizge shi da ƙarfin STI. Mai giya shida na STI ya fi shi ƙwari nesa ba kusa ba, amma ba a ɗaukarsa shi kaɗai. Motar nan duk tayoyinta huɗu suna ja, don haka lissafin haƙoran gaba da na baya dole su yi daidai: Forester XT mai giyar hannu ta 2004 tana da 4.44, STI ta shekarar tana da 3.90. In aka gauraya, gaba da baya za su yi ta ja-in-ja har wani abu ya karye. A ɗauko giyabos da akwatin haƙoran baya da sandar da ke haɗa su, duka tare. Birkin Brembo na STI ma a kwaso shi, kuma ni a ganina shi ya kamata a fara ɗaurawa tun kafin inji. A lura da ramukan noti na taya: STI ta 2004 ta yi daidai da Forester, daga 2005 an faɗaɗa su.

8. Fetur ɗinmu da zafinmu. An ƙera STI ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa aji ɗaya ake sayarwa a gidajen mai, kuma bai kai wannan ba. Turbon STI yana tura iska har kusan psi 14.5. Haɗa wannan da fetur mai rauni da ranar watan Afrilu a Kano ko Maiduguri, sai fetur ya riƙa fashewa kafin lokacinsa, abin da ke tsaga fistin ke nan. Maganin shi ne a sami wanda ya iya saita birenbos da kwamfuta, ya rage matsin turbo, ya ja lokacin wuta baya. Za ka rasa wasu dawakai. Ka haƙura da su. Lagireton iska kuma a saman inji yake, yana shan iska ta ƙofar da ke kan bonet, a tabbata robar da ke tsakaninsu ta manne, in ba haka ba a cunkoso zafin inji kawai zai yi ta sha. Kada a taɓa sayen man bumburutu a galan don wannan motar.

9. Takardu. Lambar inji tana cikin takardun motarka. Ka riƙe rasit, da takardar gwanjo, da ta kwastan na motar da aka ciro injin, ka je ofishin lasisi a gyara lambar, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. A shingen hanya ba a sauraron dogon bayani.

10. Kada a yi wannan aiki da motar da ke kai yara makaranta idan ita kaɗai ce a gidan. Makanike zai ce mako biyu. Ka shirya wa wata biyu ko uku, domin wani ƙaramin abu sai an yi odarsa daga waje. Ka zauna da uwargida ku yi lissafi tun farko: kuɗin mota, jirgi, kwastan, sababbin kaya, makanike, mai rewaya, mai saiti, sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin uku a kai. Ta kuma san cewa motar za ta ƙara shan mai, kuma ranar sayarwa dillali ba zai biya ka abin da ka zuba ba, hasali ma rage farashi zai yi da ya ji an taɓa inji. Mai rewaya ya fi makanike muhimmanci a nan, ka nemi wanda yake karanta zanen wayoyi, ka biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da ya kammala.

11. Ranar tashin farko, a cire fis ɗin famfon fetur a juya inji har fitilar baƙin mai ta mutu, don mai ya isa turbo kafin wuta ta kama. A yi 'yan kwanaki ana tafiya a hankali, ana leƙa ƙasa ko akwai ɗigo, a sake baƙin mai da wuri. Kada ka sayar da gangar STI sai motarka ta yi wata guda tana tafiya lafiya. Bayan nan kujeru, fitilu, ƙofofi da tayoyi duk kuɗi ne, abin da ya saura 'yan gwangwan su auna a kilo.