Yadda Ake Farfaɗo da Wanda Zuciyarsa Ta Tsaya

Idan zuciya ta daina harba jini, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Aikin ma'aikacin agajin gaggawa shi ne hannayensa su tsaya a madadin zuciyar har ta farfaɗo. Tun 1960 masu bincike a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka nuna cewa danna ƙirji kaɗai yana tura jini, ba sai an tsaga mutum ba.

Da isarka, duba wurin ko akwai wayar lantarki, wuta ko motoci. Sa jama'a su ja baya, ka hana masu yayyafa wa mutumin ruwa ko ɗura masa madara, don zai iya shaƙewa. Bubbuga kafaɗarsa, ka kira shi da ƙarfi. In bai motsa ba, duba numfashi tare da taɓa jijiyar wuya, kada hakan ya wuce sakan 10. Kakarin da yake ja jefi-jefi ba numfashi ba ne, alamar tsayawar zuciya ce.

Kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, domin katifa tana shanye ƙarfin dannawa. Ɗora gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kansa, gwiwar hannu a miƙe. Danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowace dannawa, saki ƙirjin ya dawo daidai, don a lokacin ne zuciya ke cika da jini. Ko ka ji haƙarƙari ya yi ƙaras, ci gaba.

Bayan dannawa 30, abokin aikinka ya karkatar da kan mutumin baya, ya ɗaga haɓa, ya hura iska sau 2 da jakar numfashi, kowace sakan ɗaya, iya yadda ƙirji zai tashi. In ana zargin rauni a wuya, muƙamuƙi ake turowa gaba. Iska mai yawa tana cika ciki, ta jawo amai, ta kuma rage jinin da ke komawa zuciya. Yaro kuwa, in ku biyu ne, dannawa 15 ce da hurawa 2.

Da na'urar AED mai buga wa zuciya lantarki ta iso, a kunna ta ana ci gaba da dannawa. Goge gumi, a liƙa faifai ɗaya ƙarƙashin ƙashin wuya na dama, ɗaya a gefen hagu ƙasan hammata. In ta ce a buga lantarki, ɗaga murya: "Kowa ya janye!" Da an buga, koma kan ƙirji nan take har minti 2 kafin a sake dubawa. Lantarki yana amfani ne ga zuciyar da ke kakkarwa ko gudu fiye da kima ba ta tura jini. Wadda ta yi tsit, dannawa da magani take buƙata.

Ku riƙa karɓar juna kowane minti 2, saboda hannu yakan yi sanyi tun mai shi bai ji gajiya ba. Duk tsayawa kada ta kai sakan 10: da an ɗaga hannu jini ya tsaya, sai an yi dannawa da dama kafin ya sake kama gudu. Wanda ke da izinin ba da magani ya sa adirenalin miligiram 1 ta jijiya kowane minti 3 zuwa 5.

In bugun ya dawo, a ba shi iskar oksijin yadda ma'auni zai tsaya tsakanin kashi 94 da 98 cikin ɗari, a auna hawan jini, a nufi asibiti ana sa ido, don zuciyar na iya sake tsayawa a hanya. A can, shaida wa likita lokacin da ya faɗi, lokacin da aka fara dannawa, yawan lantarkin da aka buga da magungunan da aka ba shi.