Shawarwari Bakwai ga Gidan da Yaro Ke Koyon Zane da Fensir

Yara da yawa a unguwar Hashimi sun iya zana tulu, amma sai ya fito a shafe, ba tudu ba kwari. Haske da inuwa ne ke ba zane jiki, kuma a tsakar gida ma ana iya koyonsu.

1. A sayo fensir uku: HB, 2B da 6B. Bakin fensir haɗin garafait ne da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Conté ya ƙirƙiro a 1795. In yumɓun ya yi yawa, fensir ya yi tauri, zanensa ya yi haske. In ya yi kaɗan, ya yi laushi da baƙi.

2. Kafin komai, yaro ya ja gida biyar a jere. Na farko ya bar shi fari, na ƙarshe ya cike shi baƙi ƙirin, na tsakiya su riƙa ƙara duhu daki-daki.

3. A ajiye masa tulu ko ƙwai kusa da taga, haske na zuwa daga gefe ɗaya. Da dare, tocila ta wadatar.

4. Ya kanne ido ya duba da kyau. Wurin da ya fi duhu a jikin tulu ba can gefe yake ba, ɗan ciki yake, domin ƙasa na mayar da ɗan haske a gefen. Inuwar da tulun ya yi a ƙasa kuwa, daidai gindinsa ta fi baƙi.

5. Ya riƙe fensir nesa da bakinsa, ya kwantar da shi, ya bi kewayen tulun. A fara da sauƙi, a yi ta maimaitawa. Dannewa na sa takarda ƙyalli.

6. Kada ya murza da yatsa, maiƙon hannu na ɓata takarda. Auduga ta fi. Ya kuma shimfiɗa wata takarda ƙarƙashin hannunsa.

7. In hannu ya faɗa, a ba shi takardar naira ashirin ya kwaikwayi tukunyar da ke jikinta, ta Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar tukwane ta Michael Cardew a 1954. Daga nan sai Dutsen Zuma: ya zana shi da safe, ya sake da la'asar, ya kwatanta inda inuwa ta koma.