Za a iya mayar da na'urar gem kan tsohuwar manhajarta?

Masu gidajen gem da samarin da suka sayi PlayStation 4 ta hannu su suka fi yin tambayar nan: na'urata ta sabunta kanta cikin dare, ko akwai yadda za a mayar da ita baya? Amsar ita ce a'a, in dai ta hanyar filasha da latse-latse kake nufi. Gara ka ji wannan tun kuɗinka na aljihu.

Manhajar da ake magana a kai ita ce mai tuƙa na'urar kanta, ba wasan da ke kan faifai ba. Da gangan Sony da Nintendo da Microsoft suka toshe hanyar komawa, domin a tsofaffin manhajoji masu fasa na'ura ke samun kafa. A PS4 an samu irin wannan kafa a manhaja mai lamba 9.00 a ƙarshen 2021, aka sake samu a 11.00 a 2024. Shi ya sa na'urar da ba ta wuce waɗannan lambobi ba take da farin jini a kasuwa.

Nintendo Switch ta 2017 ita ta fi nuna tsananin abin. A cikin ƙwaƙwalwarta, wato Tegra X1 na kamfanin Nvidia, akwai ƙananan fiyus da ido ba ya gani. Manyan sabuntawa kan ƙona ɗaya, kuma kamar tsinken ashana ne, in an ƙyasta an ƙyasta. Duk lokacin da ka kunna ta, sai ta ƙirga waɗanda suka ƙone ta gwada da manhajar da ke kai. In ƙonannun sun fi abin da tsohuwar manhajar ke tsammani, ba za ta tashi ba. Xbox 360 ta 2005 ma da wannan dabara ta zo.

A PS4, ko ka sa tsohon fayil a filasha ka shiga Safe Mode, ba za ta karɓa ba. In ka goge komai, wasanninka da ajiyarka ne za su tafi, lambar tana nan daram. Canza hard disk ma ɓarnar kuɗi ce, don a jikin fanel ake riƙe lambar, a wani ɗan guntu mai suna Syscon.

Ƙofa ɗaya ce ƙunƙuntacciya. PS4 tana ajiye manhaja biyu, ta yanzu da wadda ta gabace ta. Ƙwararren mai gyara zai iya buɗe na'urar, ya liƙa wayoyi da dalma a ƙafafun Syscon, ya mayar da ita taki ɗaya kacal. In daga 12.00 ka hau 12.50, to 12.00 za ka koma, ba 9.00 ba. Hannu kuma in ya goce, na'urar ta mutu. Ni dai ba zan ba mai na'ura ɗaya tilo, wadda da ita yake ci, shawarar wannan kasada ba. Duk wanda kuwa ya ce ka turo kuɗi ya aiko maka da fayil mai mayar da PS4 ko PS5 baya, damfara ce.

Rigakafi ne abin yi. Kafin ka biya kuɗin na'ura, sa a kunna ta a gabanka, ka shiga Settings, sai System, sai System Information, ka karanta lambar da idonka. In kana son ta tsaya inda take, kashe saukar da sabuntawa ta kai tsaye, ka cire ta daga intanet, ka kuma gargaɗi yaran shago, domin sabon faifan wasa ma yakan zo da sabuntawa a cikinsa ya nemi a latsa amincewa.

In kuwa buga ƙwallo da abokai ta intanet ne burinka, PlayStation Network sai da sabuwar manhaja take buɗewa. Ka sabunta abinka, amma a kan janareta mai isasshen mai ko inbata, kada a ɗauke wuta aiki na tsaka.