Dogonyaron da Ruwan Alwala Ya Raina

Ɗana, jiya bayan la'asar na gifta ta majalisarku, na ji kana cewa rayuwarka ba ta fara ba tukuna, sai ranar da takardar ɗaukar aiki ta fito. Ban tanka maka a gaban abokanka ba, amma da maganar na kwana.

Shekara biyu ke nan da ka gama bautar ƙasa. Kwalin da ka samo a Jami'ar Jihar Gombe yana ƙasan akwati, kai kuma kana kan benci, ido a waya, kana ƙirga wanda ya sayi mota da wanda ya koma Abuja. Ban ce kukanka na banza ba ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafin mutum ya hau Keke daga Barunde zuwa babbar kasuwa sai ya yi shawara da aljihunsa, mudun masara a Tudun Hatsi kuwa ba a magana. Ni ma da fansho nake cefane, na san zafin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka kwashi kwana ɗari bakwai da ɗoriya ka ce ba sa cikin lissafi. Wa ya yi maka alkawarin dawo maka da su?

Na taɓa zama kan irin bencin nan. Da aka cire Gombe daga Jihar Bauchi ranar 1 ga Oktoban 1996, muna cikin ma'aikatan da suka tattaro komatsai suka dawo gida. Na ɗauka sabuwar jiha, ƙarin girma ya zo ke nan. Sai na shiga jiran gawon shanu, kullum fuska a murtuke, in shigo gida ko wasa da yara ba na yi. A lokacin nan wajen duk gonaki ne, gidaje jefi-jefi. Kakarka, Allah ya jiƙanta, ta samo ɗan dashen dogonyaro da bai fi tsawon ludayi ba, ta binne a ƙofar gida, ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ruwa kuwa sai an saya wajen 'yan garuwa. Sai ta kafa doka: duk mai alwala a gidan nan, a gindinsa zai yi. Buta ɗaya, sau biyar a rana. Ni a raina na ce rigimar tsofaffi ce kawai.

Ƙarin girman ya zo daga baya, a makare, yanzu ko ranar ba na iya tunawa. Bishiyar kuwa ita ce wadda kuke jan bencinku kuna bin inuwarta.

Ka ci gaba da kai takardun neman aiki, ban hana ba. Amma mai buga bulon da ke bayan layinmu littafin bashinsa a hargitse yake, kai kuma lissafi ka karanta. Yaran Malam maƙwabcinmu sun kai aji huɗu ba sa iya haɗa baƙi, awa ɗaya bayan magariba ta ishe su. Mahaifiyarka kuma ta ce rabon da ka zauna ku ci tuwo kuna hira har ta manta. Wannan ya fi damuna, domin ita ba ta jiran takardar kowa, kai take jira.

In ka tashi da safe aka ce ya ka kwana, ka daina cewa "to, ga mu nan dai". Ka ce lafiya lau, alhamdu lillahi, ka kuma san gaskiya ka faɗa. Ranar Juma'a zan je duba wani aminina a Asibitin Koyarwa na Tarayya, sai ka raka ni ka ga darajar lafiyar da kake da ita.

Kwarin nan da ke cin ƙasa a bayan unguwa ya ƙara matsowa a damanar bara. Shi ya sa na sayo dashen mangwaro uku don su riƙe ƙasar, ga shi gwiwa ta hana ni haƙa. Gobe in an sallame asuba ka ɗauko diga wajen mai bulo tun rana ba ta yi zafi ba. Shayi da burodi a wuyana.