Darasi: Fanka a Ɗakin Ƙira

'Yan'uwa, da zarar an gama girbi a ƙasar Ɗanzomo, maƙeran fari sukan koma bakin wuta. Zobba, awarwaro da 'yan kunne da ake kaiwa Gumel, ko kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da yawansu a ƙananan ɗakuna ake yin su. Saboda sanyi da ƙura akan rufe ƙofa, sai maƙeri da yaran da ke koyo su wuni suna shaƙar abin da ke tashi daga wuta. A wannan darasi za mu duba irin fankar da ta dace da wannan ɗaki.

Bari mu fara sanin abin da muke so mu kora. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, ita ce ke kawo ciwon kai da jiri. Tagullar tsofaffin famfo da makullai tana da tutiya a ciki. Tutiya tana tafasa a zafin digiri 907, wato kusan zafin da tagullar ke narkewa, sai ta tashi da farin hayaƙi. Wanda ya shaƙe shi da rana yakan kwana da zazzaɓi da rawar jiki, ya ɗauka cizon sauro ne, ya sayi maganin da ba na ciwonsa ba. Dalma ta fi su duka muni, musamman ga yara. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a shekarar 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400. Can ƙura ce, nan hayaƙi da ƙurar goge ƙarfe ne, amma gubar ɗaya ce.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi fankar tebur a saita ta a fuska. Jiki zai ji daɗi, amma hayaƙin yana nan yana kewaya ɗakin, kuma iskar tana karkatar da harshen wuta. Fankar sama ma haka take. Abin da muke nema shi ne fanka mai zuƙe iskar ɗaki ta fitar da ita waje.

A nan ne ya kamata mu natsu. Fanka tana hura iska nesa, amma kusa kawai take zuƙowa. Mu gwada da bakinmu: muna iya hure ashana daga nesa, amma ba mu iya kashe ta da zuƙa. Idan muka matsa daga bakin fanka da tazarar faɗinta sau ɗaya kawai, ƙarfin zuƙarta ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka ƙaramar fanka a wurin da ya dace ta fi babba da ke can saman bango. Sai dai fankar roba ba ta jure zafi. Dabarar ita ce a yi mazurari da langa-langa, a kife shi bisa wutar, a haɗa shi da bututu mai tsawon kamar mita ɗaya zuwa bango, a sa fankar a ƙarshensa. Kada faɗin bututun ya gaza na fankar, kada kuma a yawaita lanƙwasa shi.

Inda babu wutar lantarki, fanka mai bolt 12 ita ce tamu, domin batir ko ƙaramin farantin sola ya ishe ta. Don liƙin zobe da 'yan kunne, fankar tsohuwar kwamfuta mai faɗin santimita 12 za ta yi, wat kaɗan take ci. Don narka ƙarfe kuwa a nemi mai faɗin inci 8 zuwa 10, in da hali mai fikafikan ƙarfe.

Wane bango? A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, don haka bututun ya fita ta yamma ko kudu, kada iska ta maido da hayaƙin. Amma a duba abin da ke bayan bangon. Idan tsakar gida ce inda yara ke wasa ko ake shanya gari, a sake wuri. A kuma bar ƙofa ko taga a buɗe a gefen maƙeri, gama iska ba ta fita sai wata ta shigo.

Mu faɗi gaskiya, fanka ba ta kwashe ƙurar ƙarfe daga hannu da riga. Wannan sai wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, da hana jarirai shiga ɗakin. Wanda kuma yake da rumfa a fili, narka a can ya fi kowace fanka.

Kafin a soma aiki, a kunna ɗan tsumma a kashe, a riƙe shi daidai inda ake liƙi. Idan hayaƙinsa ya miƙe zuwa mazurari, an dace. Idan ya yi wajen fuska, a sauko da mazurarin kaɗan a sake gwadawa.